Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga shugaban iyayen ɗalibai: mita nawa tsakanin tallar giya da makaranta?

Assalamu alaikum, Alhaji.

A shirin rediyo na makon jiya ka tambaye mu, mu ma'aikatan lafiyar al'umma: in hukumar birnin Maradi za ta nisanta tallar giya daga makarantu da filayen wasan yara, mita nawa ya kamata a sa?

A sa mita 200. Wannan ita ce tazarar da ƙasar Ayilan ta sa a dokarta ta 2018, ta fara aiki a Nuwamba 2019, ta kuma haɗa da gidajen renon yara da filayen wasa na hukuma. Amma Alhaji, adadin mita shi ne mai sauƙi. Wuyar tana wajen awo da ma'anar talla.

A fara awo daga katangar makaranta ta kowane ɓangare, kada daga ƙofa. Makaranta mai faɗin fili irin Lise Ɗan Baskore, in an auna daga ƙofa, ana iya kafa allon talla manne da katangar baya kuma mai shi bai karya doka ba. Makarantar da ba ta da katanga, a bi iyakar filinta da ke takardar hukuma. A auna miƙe a kan taswira, domin in aka bi lunguna kowa zai zaɓi hanyar da ta fi tsawo. A rubuta makarantun allo da Islamiyyu da filayen ƙwallo na unguwa a cikin ƙudurin da hukumar za ta fitar, in ba haka ba za a ce doka ta boko ce kawai.

Sai ma'anar talla, kuma nan muka fi jin tsoro. In ƙudurin ya ce "allon talla" kaɗai, kamfani zai koma fentin bango, laima, kujerun roba, firji a bakin shago, da riguna masu tambari da ake rabawa ƴan ƙwallo. A ambaci suna, tambari, launi da taken giya duka. Faransa ta taƙaita tallar giya tun 1991, amma a gasar ƙwallon Turai ta 2016 da aka yi a can an ga taken wani kamfanin giya da launinsa a gefen fili ba tare da sunansa ba. Giyar da aka ce ba ta sa maye, in tana ɗauke da tambari ɗaya, ita ma ta shiga. Yaro tambari yake ganewa.

Hukuma ta duba taswira kafin ta ba da izinin allo ko ta karɓi harajinsa, ta kuma ba masu tsofaffin alluna wa'adin kwana 90. Tarar ta hau kamfanin da ya biya kuɗin fenti. Mai bangon da ya yi hayarsa don abin cefane, in shi aka kama, gobe kamfani zai nemi wani bangon.

Wassalam.