A jikin wa aka gwada?

Malam Edita, assalamu alaikum.

Na saurari shirinku na lafiya na daren Laraba, kuma raina ya ɓaci da yadda mai gabatarwa ya bar baƙonsa yana ta nanata cewa bincike ya tabbatar ruwan alobera da nonon aguwa da karan masallaci suna kashe sankara, bai ko tambaye shi a jikin wa aka yi gwajin ba. Gaskiya ne akwai sinadari a ganyen alobera da yake kashe ƙwayoyin sankara idan an zuba musu shi a kwalbar ɗakin bincike, to amma ko ruwan jabel na wanke tufafi aka zuba zai kashe su, kuma babu mai hankalin da zai ce a sha.

Yayata ta ji ƙululu a mamanta yana kamar ƙwallon magarya, ba ya ciwo. Wani mai magani ya ce kada ta bari a sa mata wuƙa, ya riƙa ɗiga mata nonon aguwa a wurin yana ɗaurewa da tsumma, yana ba ta jiƙon alobera safe da yamma. Fatar ta saɓule, wurin ya zama gyambo mai wari, zawo ya zuƙe ta, shi kuwa yana cewa ciwon ne yake fita. Da muka sayar da tumaki muka kai ta Yamai, tafiyar kusan kilomita 900, likita ya duba ya ce da watanni shida baya muka zo, da aiki ya wadatar. Ta bar marayu huɗu, ƙaramin yana hannuna.

Da baƙonku mai adalci ne, da ya gaya wa jama'a cewa hukumar binciken sankara ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ruwan da aka tatso daga ɗaukacin ganyen alobera cikin abubuwan da ake zargin suna iya jawo sankara, bayan an ga ƙari a hanjin ɓerayen da aka shayar da shi. Ko maganin shafawa na Picato, wanda aka samo daga wata 'yar'uwar aguwa kuma Amurka ta amince da shi a 2012, Turai ta janye shi a 2020 saboda an ga sankarar fata ta fi yawa ga masu shafa shi. Wannan fa magani ne da aka auna, balle wanda ake ɗiga wa mutum da tsinke.

Ba na raina itatuwanmu, a ci gaba da bincikensu. Amma ku gayyato likitan sankara ya gyara wannan magana a daidai lokacin da kuka yi ta, domin matan ƙauye abin da rediyo ya faɗa shi ne hujjarsu.

Sannan layin wayar da kuke bayarwa ba ya shiga, sai kuɗin mutum su ƙare yana jin kiɗa. Ku gyara shi.

Mai sauraronku daga unguwar Birni, Damagaram.