Wasiƙa zuwa Abijan kan shirin gidan al'adu

Maradi

Aminina Malam Isufu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da sauran ƴan uwanmu na can Abijan. Mutanen gida duk lafiya lau, suna gaishe ka.

Saƙonka ya iso, na kuma ji abin da ƙungiyarku ta yanke: kuɗin da kuka tara a kawo su gida a yi hidima a gidan matasa da al'adu, a haɗa koyon sana'ar hannu da hira da masu fasaha da wasan kiɗa. Allah ya saka muku da alheri. Sai dai tsarin da ka turo, na kwana 2 kacal, da yawancin kuɗin a kan daren kiɗa, ban goyi bayansa ba. Fata da rini suna da nasu lokacin, ba sa bin takardar shiri. Shawarata a yi Asabar da Lahadi na mako 4 a jere, koyo da safe daga ƙarfe 8 zuwa 12, hira sau biyu da la'asar, kiɗa kuwa a daren ƙarshe, bayan an baje abin da yara suka yi da hannunsu.

A sa shi tsakanin Nuwamba da farkon Fabrairu. Da damina rabin waɗanda kuke so suna gona, daga Maris zuwa Mayu kuwa zafi yakan haura digiri 40, ba mai zama ƙarƙashin kwano yana ɗinki. A duba kada ya ci karo da azumi ko kokowar takobi, don ka san garinmu, idan ana kokowa babu wanda ya san da zaman wani taro. Litinin da Juma'a ranakun kasuwa ne, kada a nemi baduku ko marini ya bar rumfarsa ko da don zaman shiri ne. Kuma a biya mai koyarwa abin da zai samu da ya wuni a rumfarsa, har da ƙari, rabi kafin a fara. Idan ba a yi haka ba zai zo ranar farko don kunya, ranar biyu ya turo yaronsa.

Dukanci shi ya kamata ya zama ginshiƙi, tunda jar akuyar Maradi fatarta ta yi suna har ƙasashen Turai saboda laushi da ƙarfi. Amma kada a ce za a koyar da jima a gidan al'adu. Jiƙa fata, sa ta a ruwan toka har gashi ya saki, kankarewa, sannan zama cikin ruwan bagaruwa ana canza shi, wannan aikin mako guda ne ko fiye, ga wari, ga ruwa mai yawa. A kai masu koyo majema su gani da idonsu safiya ɗaya, a sayo jemammiyar fata daga can. Fatar akuya ɗaya ta ishi mutum 4 aikin farko, wato jakar waya ko ƙaramar jakar kuɗi. Mutum 12 sun ishi malami ɗaya. Da sun wuce haka, na baya kallo kawai suke yi. Kowa ya samu basillarsa da allurai 2 da guntun katako na yanka a kai. Wuƙa da almakashi za a iya raba ɗaya ga mutum 3.

Kurakuran sabon hannu sanannu ne. Yakan yanko daga gefen ciki, inda fata take da taushi tana miƙewa, sai jaka ta karkace bayan mako guda. Jikin jaka daga gadon baya ake yanko shi, gefen ciki a bar shi na shafi. Yakan huda rami dab da baki, zare ya tsaga fatar. A bar kamar milimita 4 daga baki, haka kuma tsakanin rami da rami. Zare a yanke tsawon ɗinkin sau 4, a goga masa kakin zuma don kada ya riƙa cukurkuɗewa. Gam kuma a shafa a fuska biyu, a jira minti 10 ya daina bin yatsa kafin a haɗa. Wanda ya haɗa da ɗanye, kafin la'asar ya buɗe.

Wajen launi, ja daga karan dafi ake samun sa, a daka a jiƙa da ruwan kanwa, a shafa, a ɗauraye da ruwan lemun tsami don ya fito sosai. Baƙi kuwa, kuloko, ƙarfe ne da ya kwana a ruwa yake haɗuwa da bagaruwar da ke cikin fatar. Wannan ya sa bokitin ƙarfe ko ƙusa mai tsatsa idan suka taɓa jiƙaƙƙiyar fata sai ka ga tabo baƙi-baƙi ya fito cikin ƴan mintuna, kuma ba ya wankuwa. Don haka robobi kawai za a saya, teburin ƙarfe a shimfiɗa masa tabarma.

Na mata, rini ya fi jawo su, kuma shi ne ya fi saurin zama abin sayarwa. Karofin baba irin na marina yana son kwanaki kafin ya nuna, don haka na garin rini da soda mai ƙuna da hidiro, wato farin garin da ke sa rini ya narke, za a yi a baho. A nan nake so ka ja kunnen duk wanda zai riƙe wurin. Soda tana cin fatar jiki, tana makantar da ido. A waje ake haɗi, inda iska ke wucewa, da safar hannu ta roba mai tsawo da ƙyallen rufe hanci. Soda ake zubawa cikin ruwa kaɗan-kaɗan, ba a zuba ruwa a kan soda, domin yana tafasa ya fallatso. Kada a yi amfani da tukunyar dalma, soda na cinye ta. A ajiye jarka 2 na ruwa mai tsabta kusa, wanda ta fallatsar wa a yi ta kwarara masa ruwa minti 15 ko fiye kafin a wuce da shi asibiti. Yaran goye su zauna nesa, a sami wadda za ta kula da su, a sa ladanta cikin lissafi.

Yadin ya zama auduga zalla, mai roba a ciki ba ya kama launi, kuma a wanke sitacin da ya zo da shi daga kanti, in ba haka ba rinin zai fito dabbare-dabbare. Ƙarfin garin rini ya bambanta, saboda haka mai koyarwa ta fara gwada haɗinta a ƙyalle. Idan shuɗi ne, alamar ya haɗu ita ce ruwan ya koma kore-kore mai rawaya. A tsoma yadi a hankali kamar minti 10, kada a riƙa kaɗa ruwan iska ta shiga ta kashe shi. Da an ciro za a gan shi kore, yana shan iska yana juyewa shuɗi a gaban idon kowa. Sabuwar hannu takan tsorata ta mayar da shi nan take. A bar shi ya sha iska minti 10 tukuna. Duhun launi daga yawan tsomawa yake zuwa, ƙara gari ba abin da yake yi sai zuba a wanki.

Hirar da masu fasaha tana mutuwa ne idan aka zaunar da dattijo a bayan tebur aka miƙa masa makirufo aka ce ya yi jawabi. A shimfiɗa masa tabarma, kayan aikinsa a gabansa, hannunsa na aiki ana tambayarsa. Mai tambayar ya zama wanda ya san sana'ar, ya kuma ziyarce shi tun kafin ranar, su daidaita abin da ba za a taɓo ba, don kowane gida yana da asirinsa. A tambaye shi wurin wa ya koya, me ya ɓace daga sana'ar, me ya sa. Minti 40 sun isa, sai a ba jama'a 20, a tashi kafin magariba. A naɗi muryar da izininsa, a kai gidan rediyo, a bar masa nasa kwafin.

Sai daren kiɗa. Kafin komai a sami takardar izini daga ofishin magajin gari, a sanar da ƴan sanda, a biya haƙƙin mawaƙa a BNDA, hukumar kare haƙƙin masu fasaha ta Nijar. Bayan takarda, a taka a je wurin mai unguwa da limamin masallacin da ke kusa a faɗa musu abin da za a yi da lokacin tashi. Ba ka manta da tarzomar da ta tashi a garin nan a 2000 kan FIMA, bikin nunin kayan sawa na zamani, ba. Mutanenmu suna son a shawarce su tun da wuri. A fara bayan isha'i, a rufe ƙarfe 11, a ware wa mata gefensu da ƙofarsu.

Kada a dogara da wutar gari ita kaɗai. A tara ƙarfin duk na'urori, a ƙara sulusi a kai, shi ne girman injin da za a yi haya. Inji mai ƙarfin kVA 5 yana shan kusan lita 2 a awa idan an ɗora masa kaya, don haka lita 15 ta rufe gwaji da wasa. A ajiye shi aƙalla mita 20 daga dandali, a gefen da iska za ta tafi da hayaƙin, a jawo da waya mai kauri, a warware ta duka daga naɗinta don kada ta yi zafi. Fitilu da lasifika kada su haɗa layi ɗaya, shi ke kawo gurnanin nan da ake ji a ƙarƙashin waƙa. Ƙarar da ke huda kunne kuwa daga makirufo ne da ya shiga gaban lasifika. Lasifika su kasance gaba da mawaƙa, suna fuskantar jama'a. Ganga da kalangu sun ishi kansu a ƙaramin fili, gurmi da goge su ke bukatar makirufo dab da ƙwaryar, in ba haka ba ganga ta haɗiye su. A tanadi kaskon garwashi a bayan dandali, don idan raɓa ta sauka fatar ganga takan saki, sai an gasa ta take dawowa. Batun liƙi a gama shi tun kafin ranar: na makaɗa ne duka, ba a cire shi daga ladansu, kuma a sa mutum ɗaya mai tsare bakin dandali don masu liƙi kada su tattake wayoyi.

Kuɗin shiga ya zama kaɗan, ko dala 100, ɗaliban koyo da iyayensu kuma kyauta. Teburan kayan da suka yi a jera su a hanyar shiga, da fitila a kansu da farashi a rubuce, kuɗin kowane abu ya koma ga wanda ya yi shi. Basilla da allurai da robobi kowa ya tafi da nasa gida ya ci gaba da aiki.

A raba kuɗin kashi 10: 5 ga koyo da ladan masu koyarwa, 1 ga hira, 3 ga kiɗa, 1 a ajiye don abin da zai taso. Ka karanta wa ƴan ƙungiya wannan, ka turo mini adadin abin da ke hannu da sunan wanda kuka amince ya riƙe kuɗin, don a je a kama ranaku a gidan al'adu tun bukukuwan aure na bayan kaka ba su cinye su ba.

Ka gaida uwargida da yara, da dukan mutanen Maradi na wurinku. Allah ya bar zumunci.

Naka amini,
Habu