Ma'aikatan jirgin nukiliya na ƙarƙashin teku

Malam Edita, assalamu alaikum.

Don Allah a ba ni ɗan fili. Kullum ana maganar makaman nukiliya amma ba a tuna mutanen da ke zaune da su. Birtaniya na da jiragen ƙarƙashin teku guda 4 samfurin Vanguard masu ɗauke da makamai masu linzami na Trident, mazauninsu Faslane a Scotland, kuma tun 1969 ba a taɓa wayar gari babu jirgi ɗaya a sintiri ba. A shekara ma'aikaci zai yi wata uku ko fiye a nutse, yanzu har wata shida ana yi, ba rana ba waya, iskar da suke shaƙa ma daga ruwan teku inji ke samar da ita.

Abin da ya fi taɓa ni wallahi saƙon gida ne. Kalma 120 kacal a sati, kuma ba damar amsawa don kar a gano inda suke. In rasuwa aka yi sau da yawa ɓoye maka za a yi sai kun kusa dawowa, an yi jana'iza an gama zaman makoki kai kana can kana gyaran famfo.

Naku,
Mai karatu daga Zariya