Barka da Sallah daga Houston: ruwan guguwar Harvey na janyewa, ido ya koma kan Irma

Houston, Amurka, Juma'a 10 ga Zulhijja 1438, 1 ga Satumba 2017

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Baba da Umma, barkanku da Sallah. Allah ya karɓi ibadunmu da na alhazanmu, ya maimaita mana ta baɗi da rai da lafiya. Sa'a shida ce tsakaninmu, don haka lokacin da muke ɗaura niyyar idi a nan na san an daɗe da gama fiɗa a gida, Umma na kan suyar kayan ciki, yara kuma sun fara zagayen barka da Sallah a layi. Mu duka lafiya lau, ni da maiɗakina da mai sunan Baba. Ruwa ya cika titinmu har ya shanye tayoyin motoci, amma bai hau benen da muke ba. Mun yi sallar idi a masallacin da har jiya mutane ke kwana a cikinsa, Musulmi da waɗanda ba Musulmi ba, saboda masallatan garin nan da dama sun buɗe ƙofa ga wanda ruwa ya kora. Barguna da katan-katan na ruwan sha na jibge a gefen sahu, haka muka yi sallar.

Abin da ya sa na zauna rubutu maimakon in tsaya a gaisuwar waya shi ne taswirar nan da Auta ya turo mini ta WhatsApp, wadda Yaya ya ce ta hana Umma barci daren jajibere. Mai jan layin nan da ya taso daga tsakiyar teku ya miƙe ɗoɗar har Houston, an rubuta sunan sabuwar guguwar nan Irma a kansa. Umma, ku kwantar da hankalinku, taswirar ƙarya ce. Wani ne ya zana ta, ya manna mata tambarin hukuma, ya sake ta a Facebook. Hukumar yanayi ta ƙasar nan ta fito ta ja kunnen jama'a a kanta, ta kuma faɗi hanyar gane ta gaskiya: hasashensu na hanyar guguwa ba ya wuce kwana 5. Duk wanda ya nuna muku inda guguwa za ta sauka nan da kwana goma, ya san abin da masu jiragen sama da taurarin ɗan'adam ba su sani ba, ko kuma maƙaryaci ne.

Ita Irma kuwa gaskiya ce, tana nan. Ranar Laraba 30 ga Agusta aka sa mata suna, kusa da tsibiran Cape Verde da ke yamma da Senegal, kuma kafin a wuni ranar Arfa ta haura mataki na 3 cikin matakai 5 na ƙarfin guguwa, wato iskarta ta kai kilomita 178 a sa'a ko fiye. Sai dai a yau ɗin nan da nake rubutu, saura mata fiye da kilomita 2,000 kafin ta kai ko da tsibiran farko na yankin Karibiyan. In an auna a taswirar duniya, ta fi kusa da Kaduna a kan Houston.

Baba zai so wannan, shi da ke tsayawa ƙofar gida da la'asar ya kalli gabas ya ce wannan hadarin na Zariya ne ko namu ne. Mafi yawan manyan guguwar da ke addabar Amurka daga wajenmu suke tasowa. Hadarin damina da ke haɗuwa a gabas, ya ratsa Chadi da arewacin Najeriya da Nijar da Mali, idan ya tsallake gaɓar Senegal ya faɗa Tekun Atlantika, wani yakan watse, wani kuma ya tarar da ruwan teku mai ɗumi, kimanin digiri 26 ko sama, sai ya fara juyawa yana shan tururi yana ƙara ƙarfi. Busasshiyar iska mai ƙura daga Sahara kan shaƙe wasu tun suna ƙanana. Wanda ya zama Irma ya bar gaɓar Afirka ranar 27 ga Agusta. Ba mamaki wani ɓangarensa ya jiƙa wa Umma shanya kwanaki kaɗan kafin nan.

To ina za ta? Ga yadda ake karanta taswirar gaskiya, wadda cibiyar sa ido kan guguwa da ke Miami ke fitarwa. Za ku ga wani farin zane mai siffar mazurari, tsukakke a inda guguwar take yanzu, yana buɗewa yayin da kwanaki ke ƙaruwa. Mutane da yawa, har a nan, suna ɗauka girman guguwar ne aka zana, ko kuma iyakar inda ɓarna za ta tsaya. Ko kusa. Mazurarin nan lissafin kuskuren masu hasashen ne da kansu. Suna duba hasashen da suka yi a shekaru 5 da suka wuce, su auna nisan da ke tsakanin inda suka ce guguwa za ta kai da inda ta kai ɗin, sai su zana faɗin da zai ɗauke kashi biyu cikin uku na waɗannan kurakurai. Ma'ana, sau ɗaya cikin uku tsakiyar guguwar kan fita daga zanen gaba ɗaya. A hasashen kwana ɗaya kuskuren ɗan kaɗan ne. A na kwana 5 kuwa yakan haura kilomita 300, ya fi tafiyar Kaduna zuwa Kano. Ni abin da ke burge ni da mutanen nan ke nan, sun buga iyakar saninsu a fuskar taswirar kowa na gani. Na fi yarda da mai cewa "tsakanin nan da can" a kan mai nuna ƙofar gida da yatsa.

Dalilin rashin tabbas ɗin kuma ba ɓoyayye ba ne. Guguwa ba ta da ƙafar kanta, iskar da ke kewaye da ita ce ke tura ta. Akwai wani babban tudun iska mai nauyi da ke zaune a tsakiyar Atlantika, wajen tsibirin Bermuda, guguwa kan bi gefensa na kudu tana yin yamma. Idan ya yi rauni ko ya ja baya, sai ta sami kafa ta karkata arewa, ta ƙare a teku ba ta taɓa kowa ba sai jiragen ruwa. Idan ya yi ƙarfi ya miƙe, sai ya danno ta cikin tsibiran Karibiyan, daga nan ko Filorida, ko gaɓar gabas, ko ta shigo tekun Meksiko inda muke. Yadda tudun nan zai kasance mako mai zuwa ya dogara ne da wata iskar da a yanzu ba ta ma iso Amurka ba. Shi ya sa idan aka ba manyan kwamfutoci lissafin, ta Turai da ke Ingila da ta Amurka, aka ɗan sauya alƙaluman farko kaɗan-kaɗan aka sake, sai layukan su tashi tare, bayan 'yan kwanaki su watse kowanne ya kama gabansa. Masu neman a danna shafinsu sukan zaɓi layi ɗaya mafi ban tsoro daga ciki su yaɗa. Kuma har yanzu Irma ta yi nisa da jiragen da ke kutsawa cikin guguwa suna jefa na'urorin awo, daga sama kawai ake kallonta. Sai sun fara shiga cikinta lissafin zai daɗa tsayuwa.

Harvey ta koya wa garin nan wani abu da ya fi wannan ciwo. Ba a Houston ta sauka ba. Daren Juma'a 25 ga Agusta ta hau tudu kusa da wani ƙaramin gari, Rockport, fiye da kilomita 250 kudu maso yamma da mu, tana mataki na 4. Wanda ya zuba wa wurin saukar ido kawai sai ya ce Houston ta tsira, kuma da safiyar Asabar na ji masu faɗin haka. Amma iskar da za ta tura ta gaba ta mutu, sai ta tsaya cik kusan wuri ɗaya kwana da kwanaki, rabinta a tudu, hannunta ɗaya a teku tana ɗebo ruwa tana juye mana. A lokacin ma an rage mata matsayi, ba a kiranta mahaukaciyar guguwa, don ma'aunin matakan nan biyar iska kaɗai yake aunawa, babu ruwansa da ruwan sama. A Cedar Bayou, gabas da gari, an auna sama da milimita 1,300. Ku ƙiyasta ruwan daminar Kaduna tun daga na fari har na ƙarshe, a sauke shi cikin ƙasa da mako guda. Madatsun ruwa biyu na yammacin gari, Addicks da Barker, suka cika har hukuma ta buɗe su da gangan ranar Litinin, gidajen da ruwan sama bai ci ba na madatsa ya ci su. Babban zauren taro na George R. Brown ya ɗauki mutum wajen 10,000 da ruwa ya kora.

Kuma a yi wa masu hasashe adalci, sun faɗa. Tun kafin ta sauka suke cewa za ta tsaya, za a yi ruwan da ba a saba gani ba. Yana rubuce a ƙasan taswirar, mutane ne suka kalli zane suka bar rubutu.

Kawu ya tambaye ni a waya, cikin faɗa, me ya hana mu gudu tun da an san tana tafe. Ku gaya masa tambayar tasa ita ake ta muhawara a kai a nan. Gwamnan jiharmu ta Teksas, Greg Abbott, ya ba mutane shawarar su yi tunanin ficewa, magajin gari Sylvester Turner ya ce a zauna a gida. Hujjarsa guguwar Rita ce. A watan Satumban 2005, makonni kaɗan bayan guguwar Katrina ta cinye birnin New Orleans, aka yi hasashen Rita za ta doki Houston, miliyoyin mutane suka hau titi lokaci guda. Motoci suka tsaya cak cikin zafin rana, mai ya ƙare, sama da mutum 100 suka rasu a hanyar gudun, ita kuwa guguwar ta karkata gabas ta sauka wajen iyakar Teksas da Luwiziyana. Manyan titunan da aka maƙale a kansu wancan karon su ne suka koma koguna a wannan makon. Ni dai ina ganin magajin gari ya fi gaskiya, ko da yake wanda aka ciro daga saman rufin gidansa da kwale-kwale ba zai so jin haka ba, kuma ba zan yi masa musu ba.

Abin da muke yi yanzu kaɗan ne. Tankin mota a cike, ruwan sha da maganin yaro da fitila a ajiye, fasfo da takardu cikin leda a saman kabad. Bayan haka sai jira, don ganin hadari ba ya sa a zubar da ruwan tulu, kuma gudu tun ba a san inda za ta bi ba yana iya kai mutum cikin bakinta. Hukuma kan ba da sanarwar a zauna cikin shiri sa'a 48 kafin iska mai ƙarfi ta iso, sannan gargaɗi na sosai sa'a 36 kafin nan. Babu ko ɗaya a kanmu, babu ma a kan kowa tukuna.

Auta, ga aikinka, tunda kai ne mai riƙe da waya. Cibiyar Miami na sabunta hasashe duk bayan sa'a 6, kuma da yake sa'a 6 ce tsakaninmu, agogonmu da naku lamba ɗaya suke nunawa: ƙarfe 4 da ƙarfe 10, dare da rana. Abin da ya fito daga can kaɗai za ka nuna wa Umma. In ka ga mazurarin ya ɗan matsa dama ko hagu daga wannan fitowa zuwa waccan, kada ka tayar da gida, haka yake yi. Sai ka ga ya yi ta matsawa gefe guda sau da yawa a jere, sannan magana ta fara.

Na kuma ga hotunan Makurdi, yadda ruwa ya raba dubban mutane da gidajensu a makon nan. Satumba ce, Kogin Kaduna a cike yake. Don Allah Baba a sa baki Gwaggo ta kwashe takardun gida da buhunan hatsinta daga ɗakin ƙasa, gidan nan nata ya yi kusa da bakin ruwa, kuma kun san halin wajen Kigo Road in kogi ya kawo. Ko sama ba ta zubar da komai a cikin gari ba, ruwan da aka yi a can sama wajen Filato yana iya isowa da dare.

Kuɗin ragona na wajen Yaya, na san ya yanka. A ba maƙwabta kasonsu, cinya ɗaya ta Gwaggo ce, a soya mini saura a ajiye cikin mai har a sami mai tahowa. Zan kira ranar Talata bayan sallar isha'inku, zuwa lokacin jiragen awo sun shiga cikin Irma kuma an ga ko ta nufi tsibiran ko ta kauce. A gaishe da Kawu, da Malam liman, da duk mutanen layi. Maiɗakina na gaishe ku da kyau, tana neman addu'a.

Wassalam,
Ɗanku na Houston