A bar yara su koyi Turanci cikin wasa

Assalamu alaikum Edita. Don Allah a ba ni fili in yi magana kan yadda ake koya wa 'yan shekara 3 zuwa 5 Turanci. Wallahi abin na damuna, yaro ko fensir bai iya riƙewa ba an tsare shi da haddar ABCD yana ta hamma. Da kunne fa yaro ke fara ɗaukar yare, sai baki, rubutu daga baya ne. Ni ƙwallo nake ɓoye wa 'yata in ce "where is the ball?" ta ruga ta nemo tana dariya, yanzu ita ke ɓoyewa tana tambayata. In ta yi kuskure ba na tsawa, maimaita mata nake daidai mu ci gaba. Malaman nazire ku gwada ko na minti 10 kullum.

Wata uwa