Ga Malamin da Ya Tambayi Ina Kuɗin Lakwal Suke Shiga

Malam, salamu alaikum.

Ranar Asabar ka buga waya gidan rediyo, ka ambaci sunana, ka yi tambaya biyu: ina kuɗin da kwamitin lakwal ɗin unguwarmu ke karɓa hannun iyaye suke shiga, kuma wanda bai taɓa zama kan banci ba, da wane ilimi yake shugabantar makaranta? Ni ban ji da kunnena ba, ina kasuwa. Ƴata ce ta ji, wadda ke aji shida, ta tare ni bakin ƙofa tana tambaya ko da gaske ne. To, na gode. Tun da a bainar jama'a ka yi, a nan zan ba ka amsa, da hannun ɗana da ke rubuta mini.

Gaskiya ka faɗa, ban yi lakwal ba. Allo na yi, sai ci-rani Abijan shekara tara, kamar rabin mazan Adar. Amma kujerar nan ba gadonta na yi ba, ba kuma mai unguwa ya naɗa ni ba. Iyaye ne suka taru a filin makaranta suka jefa ƙuri'a a asirce, yadda ake yi a nan Tawa tun 2004, lokacin da aikin nan na JICA, hukumar taimako ta Japanawa, ya fara gwada zaɓen ƴan COGES, wato kwamitin kula da makaranta, a jiharmu kafin abin ya game ƙasa. Yau sunan ya koma CGDES, amma zaɓen na nan. Kai ma ka tsaya takara ran nan, da takardunka da faransancinka. Ba zan faɗi ƙuri'a nawa ka samu ba, don akwai zumunci tsakanina da mahaifinka, Allah Ya jiƙan sa.

Ban iya karanta kayen yaro, wato littafin rubutunsa, ba. Amma na iya ganin aji babu mushe, wato malami, ƙarfe tara na safe, kuma na san gidan da aka hana yarinya zuwa don talla. Matan ƙungiyar iyaye mata da ke cikin kwamitin, su ne ke shiga gidajen nan, su sha baƙar magana, su fito da yarinya. Su ma ba su yi lakwal ba. Ka taɓa raka su?

Kuɗi kuwa, dala ɗari ce kowane yaro a shekara, kuma taron iyaye ne ya yanke ta, ba ni ba. Da yawa ba su biya, ba mu taɓa korar ɗan kowa ba. Ba na riƙe ko dala: akwai ma'aji, darakta ke rubutawa. Zo ka ga inda suke shiga. Azuzuwanmu uku na zana ne. Damina ta cinye su, Oktoba ta zo an buɗe makarantu, mu kuwa sai mun jira an gama girbin hatsi kafin a samu kara. Sai a sayi zana da itace da igiya, a biya mai amalanke. Bara ni da ma'aji muka kafa dirkoki, har yanzu ga tabon a tafin hannuna. Sauran kuɗin alli ne, da randar ruwa, da gyaran bancin da yara huɗu ke matsuwa a kai. An yi jinkirin taron bayanin kuɗi na bana, wannan na yarda, za a yi shi.

Abin da ya ba ni mamaki, bakinka bai kai inda ya kamata ba. A watan Afrilun 2021 wuta ta kama azuzuwan zana a unguwar Pays-Bas ta Yamai, yara wajen 20 suka ƙone. Watan Nuwamba na shekarar aka sake yi a Maraɗi, fiye da 20. Tun ran nan ba ni da kwanciyar hankali in iskar hunturu ta taso, sai na zagaya na duba ko mai tuyar ƙosai ta matso da murhunta kusa da zana. Gina aji da siminti ba aikin mai sayar da albasa ba ne. An ce mana makaranta ta al'umma ce, muka yi murna, ashe kayan ne aka sauke mana a kai aka riƙe jakin. Mun kai takarda wurin hukuma sau nawa, sai a ce a dawo. Waɗancan ba ka kira sunansu a rediyo ba, don suna da ofis da mai gadi. Ni da ba ni da albashi, ni ne mai sauƙin duka.

An ce mini zaɓen kwamiti ya matso, shi ya sa murya ta tashi. Ban yarda ba, na ce kishin yara ne. In haka ne, ranar Lahadi bayan sallar asuba za mu ɗaura zanar aji na uku. Littafin kuɗi zai zo wurin, ka karanta wa jama'a da kanka tun da ka iya. Ka taho da igiya, tamu ba za ta isa ba.

Shugaban kwamitin makaranta,
Tawa