Maganar Auta da Mutumin Instagram

Landan,
daren Lahadi.

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kuna lafiya, ke da maigidan da yara baki ɗaya. Ya jikin Inna? Allah ya sa ƙafar ta yi sauƙi, kuma tana shan maganin a kan lokaci, ba sai ranar da ta ga dama ba. Ni ma lafiya lau, sai sanyi da ya fara leƙowa.

Saƙon muryar da kika turo sau uku na saurare shi. Na ɗauki waya zan kira, sai na tuna halinmu: ki ɗaga murya, in ɗaga murya, a rabu ba a tsayar da magana ba. Shi ya sa na zauna na rubuta. In kin gama karantawa ki miƙa wa Auta ta karanta da idonta, kada ki fassara mata da faɗa.

Kin ce wani ya yi mata magana a Instagram, wai wakilin wani kamfani ne a Turai, ya ga hotonta na bikin ƙawarta, tsawonta da baƙinta sun yi masa, ta turo naira dubu 400 kuɗin rajista da biza a kawo ta tallan kayan ƙawa. Yaya, wannan ba sai an yi dogon bincike ba, ɗan damfara ne. Kamfanin ƙwarai ba ya karɓar ko sisi a hannun yarinya kafin ta fara aiki, shi ne ma yake jira ta samu ya yanki kasonsa. Kuma ba ya cewa ta ɓoye wa iyayenta, ba ya neman hoton da za ta ji kunyar ki gani. Ta toshe lambar, shi ke nan an gama da shi.

Amma ba don shi na ɗauki biro ba. Abin da ya dame ni kukan da kika ce ta kwana tana yi, tana cewa kun toshe mata arziki. Kada ki doke ta a kan wannan. Abin da take hangowa akwai shi, ba tatsuniya ba ce, ni kuwa shekara shida ke nan ina durƙushe a gindinsa da allura a baki. Kin san a ɗakin ɗinki nake aiki, kuma sau biyu a shekara, Fabrairu da Satumba, in makon nunin tufafi ya zo, akan kwashe mu a kai mu bayan labule. Mu ne masu rage ƙugu, mu ja zik, mu ɗaura takalmi, mu tura yarinya kan dandamali. Don haka abin da zan faɗa miki gani ne, ba ji ba.

Gaskiya ne ana tsintar masu tallan kayan ƙawa a titi. Naomi Campbell tana shekara 15 wata mata ta tare ta a Covent Garden, unguwar da nake bi in zan je sayen zare. Kate Moss a filin jirgin sama na New York aka gan ta a 1988, tana shekara 14, suna dawowa daga hutu. Alek Wek, 'yar kabilar Dinka da yaƙin Sudan ya koro nan, a wata kasuwar fili ta Crystal Palace aka hango ta a 1995, bayan shekara biyu sai ga fuskarta a bangon mujallar Elle, baƙa wuluk da gajeren gashi, a lokacin da ba a saba ganin irinta a wurin ba. Yanzu kuma waya ta karɓi aikin. Anok Yai biki kawai ta je a jami'ar Howard ta Amurka a 2017, wani mai hoto ya ɗauke ta ya ɗora a Instagram, kafin a ce kwabo kamfanoni sun yi mata ca. Shekara na zagayowa ita ta buɗe nunin Prada a Milan, abin da baƙar mace ba ta yi ba tun Naomi a 1997. Na san irin waɗannan labarai Auta take karantawa cikin dare, kuma ba ƙarya ba ne.

Sai dai su ma masu sana'ar sun san labarin tsintuwa kaya ne na sayarwa, har gishiri suke ƙara masa. Ki dubi Iman, 'yar Somaliya. Ɗaliba ce a jami'ar Nairobi a 1975 sa'ad da mai hoton nan Peter Beard ya tare ta, ita kuwa ta ce sai ya biya ta dala 8,000, kuɗin makarantarta, kafin ya ɗauke ta. Mahaifinta jakada ne, tana jin harsuna biyar. Amma da ta sauka a New York sai ta tarar an riga an baza wa 'yan jarida cewa makiyayiya ce da aka tsinto a daji, ko Turanci ba ta ji. 'Yar jakada ba ta sayar da jarida, mai kiwon awaki ita ke sayarwa. Duk ranar da na tuna wannan sai raina ya ɓaci, don har yau abin bai canja sosai ba: in yarinya daga Afirka take, sun fi son a ce daga wahala aka ɗauko ta.

To bari in gaya miki abin da ba a ɗorawa a Instagram. Hangen Dala ba shiga birni ba ne. In an tsinci yarinya, ƙaramin kamfanin da ya fara riƙe ta, wanda suke kira uwar ɗaki a sana'ar, zai ɗauke ta hoto ba kwalliya ko ɗigo, a auna ta da tef kamar za a yanka mata yadi. Tsawo ana son ya kai ƙafa 5 da inci 9, ƙugu kuwa, wato zagayen kwatangwalo, wajen inci 34 ko 35. Ki auna da hannunki ki ga, ke da kika san ɗinki: yarinya mai wannan tsawo da wannan ƙugu, in a gida ne Inna za ta ce a kai ta asibiti. Daga nan a tallata ta ga manyan kamfanoni na New York da Landan da Milan da Paris, garuruwa huɗu da ake bi a jere, mako bayan mako. In ta iso, ba dandamali za ta hau ba, layi za ta bi. Wuni guda tana yawo a jirgin ƙasa daga wannan tantancewa zuwa waccan, da takalmi mai tsini a jaka, ta jira sa'a biyu, a ce ta taka daga nan zuwa bango ta dawo, a ce an gode. Ba wanda zai gaya mata abin da ya sa ba a ɗauke ta ba.

Sannan ga bashi, wanda shi ne ainihin abin da nake so Auta ta gane. Kuɗin jirgi, kuɗin biza, kuɗin katin hotunanta, hayar ɗakin da ake cusa su su shida ko takwas a gadaje masu hawa, duk kamfani ne ke biya, amma ba kyauta ba, rubutawa ake yi a kanta. In ta samu aiki, a cire kaso 20 cikin 100 ko fiye, a cire bashi, abin da ya rage nata ne, in ya rage. Wasu masu zanen kayan ma ba kuɗi suke biya ba, riga ko jaka za su ba ta. Hawa dandamali da fitowa a bangon mujalla suna ne kawai. Kuɗin yana wajen tallan turare da kayan shafa, kuma waɗanda ke kaiwa can ba su da yawa. A 2023 jaridar Sunday Times ta nan ta yi bincike a kan 'yan matan da ake ɗaukowa daga sansanin 'yan gudun hijira na Kakuma a Kenya, inda ta gano ana mayar da wasu bayan 'yan makonni ba ko taro, sai bashi a wuya. Daga wannan sansanin Adut Akech ta fito, wadda aka ba kambun gwarzuwar shekara ta masu tallan kaya a nan Landan a 2019. Wuri ɗaya, rabo daban.

A Satumban da ya wuce na shirya wata yarinya 'yar Sudan ta Kudu, ba za ta girmi Auta ba. Takalmin da aka ba ta ya yi mata kaɗan, ƙafa duk ta sale, na naɗe mata da filasta. Ina ɗinke mata riga a jiki na ji cikinta yana ƙugi. Na zaro dabino daga jakata na miƙa mata, ta dubi hagu ta dubi dama kafin ta jefa a baki, kamar mai sata. Nunin gaba ɗaya minti goma sha biyu ne. Ta fita ta yi takunta kamar sarauniya, aka yi tafi, ta dawo ta tambaye ni wace bas ce ke zuwa unguwarsu. Ban sake ganinta ba. Ba banza ba Faransa ta fara aiki da wata doka a 2017 cewa sai da takardar likita yarinya za ta yi wannan aiki, kuma hoton talla in an rage wa mutum jiki da kwamfuta dole a rubuta an taɓa shi. Sai da aka ga abin da aka gani kafin a kai ga haka.

Na san abin da Auta za ta ce: ai ga Halima Aden da hijabinta. To, ni ma ina son Halima, mu yi maganarta. Ita ma a Kakuma aka haife ta, iyayenta 'yan Somaliya, ta tashi a Minnesota. A 2016 ta shiga gasar sarauniyar kyau ta jiharsu da lulluɓinta, babban kamfanin IMG ya ɗauke ta, ta taka dandamali a New York da Milan, ta hau bangon mujallar Vogue ta Ingila a 2018. Sharaɗi ta kafa tun farko: ba za ta cire hijabi ba, kuma a keɓe mata wurin canja kaya. Aka yarda. Amma a hankali hijabin ya riƙa ƙanƙancewa, masu kwalliya suna juya shi yadda suke so, har aka kai ranar da aka naɗa mata wandon jins a ka. Salla tana wuce ta a wurin aiki. A watan Nuwamban 2020, tana kan ganiyarta, ta fito ta ce ta ajiye, kuma ta ce mahaifiyarta ta daɗe tana ja mata kunne. Wannan fa mai suna ce, mai bakin da za ta ce a'a a saurara. Ina ga baƙuwar yarinya da ake bin ta bashin tikiti? Bayan labulen nan da nake gaya miki, maza da mata ne ke kai da komo, ana tuɓe yarinya a saka mata wata riga cikin daƙiƙoƙi. Ni dai nakan ware mayafina in kare wadda nake shiryawa, iyakar abin da zan iya ke nan.

Ko a gida mun ga duka biyun. Oluchi ta ci gasar Face of Africa a 1998, ta tafi New York, ta daɗe tana cin moriyar sana'ar. Ita ta ƙofar gasa ta shiga, gasar da kowa ya gani a talabijin, ba ta saƙon dare ba. Sai kuma Jumoke mai tallan burodi a Legas, wadda ta faɗo cikin hoton da mai hoto TY Bello take ɗauka a 2016 da tirenta a ka. Kin tuna yadda ƙasa ta ɗauka, har mu muna tura wa juna hoton? Da hayaniyar ta lafa, masu rububin suka watse, daga baya da bakinta ta fito ta faɗi irin halin da ta shiga.

Abu ɗaya kuma, wannan ke nake wa, ba Auta ba. Yarinyar nan tun tana firamare ake ce mata falwaya, ake ce mata zunubi don baƙi, har a cikin gidanmu, kuma muna dariya. Na ga man bilicin a kan madubinta zuwana na ƙarshe, na yi shiru don kada in tayar da rigima ana hidimar biki. Yau wani baƙo ya ce mata wannan tsawon da wannan baƙin su ne kyau, yaya ba za ta rikice ba? Ƙarya ya yi mata a kan biza, amma a kan kyanta bai yi ƙarya ba. Na rantse miki da za ta ratsa Covent Garden da atamfarta, sai an juyo. Ku riƙa gaya mata a gida, kada sai ɗan damfara ne zai fara faɗa mata.

Ta dai gama jarrabawarta tukuna. In bayan nan har yanzu ranta na wajen tufafi, ni zan saya mata keken ɗinki mai kyau in biya mata kuɗin koyo, in kuma riƙa nuna mata yadda ake yanka a nan ta bidiyo. Na ga zanen rigunan da take yi a bayan littafinta, hannunta ya fi nawa lokacin da nake kamarta. Ta kira ni ranar Juma'a bayan la'asar ɗinku, ita kaɗai, ba tare da kin tsaya mata a ka ba.

Ki auno min ita, kafaɗa da hannu da tsawon riga har ƙasa, akwai wani yadi ruwan zuma da na ɓoye mata tun bara. In mai zuwan nan ya tashi a ƙarshen wata, a haɗo min da kuka da daddawa da yajin Inna, wancan ya ƙare tun azumi. A ɗaure daddawar da kyau, leda uku, kada a maimaita abin da ya faru da akwatin bawan Allah wancan karon.

Ki gaishe min da Inna da kyau, ki ce ta sa ni a addu'a. Ki gaida maigidan da su Baffa da duk mutan gida.

Wassalam.

Taki,
Ƙanwarki.